Ina aka kwana? Tsofaffin kanun labarai da abin da aka ce za su jawo mana

Baba Mai Atamfa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya bayan isha'i na aiki autana ya sayo min tsire, aka naɗo shi a wata tsohuwar jarida da mai ya riga ya jiƙa rabinta. Ina warwarewa idona ya faɗa kan labarin Vision 20:2020, shirin nan na zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka ce kafin 2020 Najeriya za ta shiga sahun ƙasashe 20 mafi ƙarfin arziki a duniya. Na ajiye tsinke, na ɗauko tabarau, na karanta abin da ya rage har tsiren ya huce. Lokacin da ake yayin wannan labari mun yi musu a kansa a Kwari kamar za a bai wa hammata iska, yau ga shi ƙuli da albasa a kai. Abin da ya dame ni shi ne, labari yakan zo da ganga da algaita, a tsorata mu ko a sa mana rai, amma ba mai dawowa ya ce mana ga inda aka kwana. Don haka kowa ya tuno mana wani babban labari na da, da abin da aka ce zai jawo, da abin da ya gani da idonsa.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam Alhaji. Jikana ne ke rubuta min, ni ina faɗa. Nawa shi ne canjin hannu, ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Gawon. Da a hagu muke tuƙi irin na Ingila, aka ce a koma dama kamar Nijar da Kamaru da Cadi. Ni a lokacin yaron mota ne. Wata guda ana cewa ranar jini zai malala a titi, asibiti ba zai ɗauki mutane ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta ɓoye min takalma don kada in fita. Da ranar ta zo, ban taɓa ganin tuƙi mai hankali irin nata ba, kowa yana tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Maigidana ya ɗaura jan ƙyalle a hannunsa na dama, duk kwanar da za mu sha sai ya kalle shi ya yi bismillah. Waɗanda suka ƙi canzawa su ne jakunan masu kawo itace, sun daɗe suna bin tsohon hannunsu.

Hajiya 'Yar Fagge: Baba Direba ka sa ni dariya har jikata tana tambayar ko lafiya. Jaki ai bai saurari rediyo ba, wa zai ga laifinsa?

Malam Mai Ritaya: Bayan wannan da wata tara aka kawo naira da kwabo, 1 ga Janairu 1973. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, sisi kwabo biyar. Aka ce tsofaffi ba za su gane ba, za a cuce su a kasuwa, ciniki zai tsaya. To ina! Tsofaffin nan ko kallon sabon lissafi ba su yi ba, suka ci gaba da nasu. Yau fiye da shekara hamsin, in ka shiga kara ko kasuwar hatsi ta Dawanau za ka iya jin dattijo yana ciniki da jaka, kuma jaka ɗaya fam ɗari ce, wato naira 200. Gwamnati ta sauya takarda, bakin mutane bai sauya ba.

Sai kuma Udoji. A 1975 aka biya mu ƙarin albashi har da ariyas. An ce talaucin ma'aikaci ya ƙare. Na sayi keke Raleigh da rediyo mai jaka ta fata, na ɗinka wa maiɗakina atamfa biyu. Kafin damina ta faɗi, kayan masarufi sun tashi sun cinye ƙarin. Su Alhaji na Kwari sun san wannan labari fiye da ni.

Baba Mai Atamfa: Allah ya gafarta Malam, kada a ɗora mana. Ni a lokacin yaron shago ne a Kurmi, ina gani. Malamai ne ke zuwa da sabbin kuɗi, ka ce turmi kaza ne, ba sa ko tayawa. Kuɗi ya yi yawa kaya ba su ƙaru ba, dole farashi ya hau. Mu ma haka muka saro da tsada.

Injiniyan Farm Centre: Iyayenmu ku ba mu dama mu ma yara mu sa baki. Nawa shi ne Y2K, rikicewar kwamfutoci da aka ce za a yi daren shiga shekarar 2000. Ina aji uku a sakandare. An ce ƙarfe sha biyun dare na bugawa jirage za su riƙa faɗowa, bankuna za su manta kuɗin kowa, makamai masu linzami za su tashi da kansu. Abin ya faɗo a goman ƙarshe na azumi, don haka masallacin unguwarmu ya cika ya batse a tahajjud, har da waɗanda liman bai taɓa gani ba. Wani maƙwabcinmu ya je banki ya kwashe ɗan abin da ya tara, ya zuba a tukunya ya binne a ɗaki. Wajen sha biyu saura aka ɗauke wuta a layinmu, mata suka sa salati, yara suka fashe da kuka. Wani dattijo ya leƙo ta katanga ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, jiya ma war haka aka ɗauke." Da asuba muka yi sahur da tuwo miyar kuka kamar kullum.

Ɗalibar BUK: To Yaya Injiniya, wato dai ƙarya ce tun daga tushe?

Injiniyan Farm Centre: A'a ƙanwata, nan ne mutane ke kuskure. Matsalar gaskiya ce. Tsofaffin kwamfutoci da lamba biyu suke rubuta shekara don tattalin wuri, 1999 sai a sa 99. In aka shiga 2000 sai ta koma 00, na'ura ta ɗauka 1900 ce, lissafin ruwan bashi da fansho da jadawalin jirage ya rikice. Shekaru aka yi ana bin manhajoji layi-layi ana gyarawa, aka kashe biliyoyin daloli a Amurka da Turai. Shi ya sa ba a ga komai ba. Mai gyara in ya yi aiki mai kyau ba a ganin aikinsa, ni da nake gyaran waya na san wannan. Abin da aka ƙara wa gishiri shi ne batun tashin duniya. Haka aka sake yi mana a kan 21 ga Disamba 2012, wai kalandar mutanen Maya ta ƙare. Wannan kam ko gyaran da za a yi babu, ƙanzon kurege ne zalla.

Ɗan Adaidaita: Injiniya ka manta da lambar kisa! A 2004, waya ba ta fi shekara uku da zuwa ba, aka ce akwai lambar da in ta kira ka ka ɗauka sai jini ya fito ta hanci da kunne, shi ke nan. Aka dawo da ita a 2011 har sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ƙaryata. Akwai wani a majalisarmu da ake bin sa kuɗin ɗinki, sati biyu tela yana kira ba ya ɗauka. Da suka yi kiciɓis a wajen ɗaurin aure ya ce wallahi lambar ce ta yi masa kama da wadda ake faɗa. Tela ya ce, "To ga ni da kaina, ni ma in ka amsa min jinin zai fito?"

Hajiya 'Yar Fagge: Duk ku tsaya, babu wanda ya kai wankan gishiri. Daren Juma'a ne, wayewar 8 ga Agusta 2014. Wajen ƙarfe uku na dare wayata ta yi ƙara, gabana ya faɗi, don kiran wannan lokaci sai rasuwa. Gwaggona ce daga Kurna, muryarta na rawa: "Tashi ki ɗora ruwa, ki zuba gishiri, kowa ya yi wanka kafin asuba, a kuma sha, Ebola ta shigo iska." Kafin in ajiye, ƙanwar maigida ta kira, sai maƙwabciya ta buga ƙofa. Na leƙa waje, duk layin hayaƙi ke tashi kamar ana girkin suna. Mai kanti na bakin lungu an tashe shi daga barci, kafin kiran sallar farko ko ƙullin gishiri ɗaya babu a shagonsa. Maigidana ya ce ba mai shan komai a gidan nan sai gari ya waye an ji daga bakin likita, Allah ya saka masa. Da safe yaran unguwa suka fito jikinsu fari fat kamar an tsamo su daga buhun fulawa, ga ƙaiƙayi. Ranar miyar gidaje da yawa lami aka sha ta, gishirin ya tafi banɗaki. Namijin goro ma sai da ya yi tsada, wai shi ma magani ne.

Ɗalibar BUK: Hajiya ki yi haƙuri, ni abin nan ba ya ba ni dariya, haushi yake ba ni. Ta yaya gari guda, da malamansa da 'yan bokonsa, zai tashi tsakar dare saboda saƙon waya da ba a san wanda ya fara shi ba? Wannan ai jahilci ne, mu kira shi da sunansa. Kuma gobe aka sake turo wani haka za a yi.

Hajiya 'Yar Fagge: 'Yata, Gwaggon tawa da kike ji ta sauke Alƙur'ani tun kafin a haifi mahaifiyarki. Ba jahilci ne ya sa ta kira ni ba, tsoron kada ta rasa ni ne. Katinta ta ƙarar a daren tana bin 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya.

Anti Nas: Ku duka biyun kuna da gaskiya, amma bari in faɗi abin da na gani, don ina aikin dare ranar. Kafin hantsi an kawo mana tsofaffi masu hawan jini da suka ɗura ruwan gishiri, wasu da amai da gudawa. A wasu jihohi har rasa rai aka yi. Ita kuwa Ebola ɗin ko Kano ba ta zo ba. Wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya shigo da ita Legas ranar 20 ga Yuli, ta taɓa Fatakwal, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. Abin da ya tsayar da ita shi ne likitar nan Stella Adadevoh da ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma cutar ta kashe ta, sannan ma'aikata suka bi duk wanda ya yi hulɗa da masu cutar gida-gida suna auna zafin jikinsu kwana 21. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da ita. Ku tambayi mutum goma a Sabon Gari labarin gishiri, duk za su ba ku. Ku tambaye su sunan likitar ku ji.

Kuma tunda an zo nan, akwai labarin da ba na iya yi wa dariya. A 2003 aka baza cewa allurar shan inna tana hana haihuwa, aka dakatar da rigakafi a Kano sai a Yulin 2004 aka ci gaba, bayan an kawo maganin daga Indunusiya. Sanadin haka cutar ta bazu har Sudan da Yaman da ita kanta Indunusiyar. Yaran da suka shanye a lokacin yanzu samari ne, kuna ganinsu a kan keken guragu a danja. Matan da aka ɗiga wa maganin suna jarirai kuwa, da hannuna nake karɓar haihuwarsu yau.

Ɗalibar BUK: Kin ga abin da nake faɗa ke nan, Anti.

Malam Mai Ritaya: Tsaya 'yata, kada ki yi saurin yanke hukunci. Kin san abin da ya faru a 1996? Annobar sanƙarau ta ɓarke, kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan da yara kusan 200, rabinsu aka ba shi, sauran aka ba su wani maganin daban. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su ba maganin ba, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. To shekara bakwai kacal bayan wannan aka zo wa mutanen da ba sa samun ko farasitamol kyauta a asibiti, ana bin su har ɗaki da magani kyauta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ban ce an yi daidai da aka ƙi rigakafin ba, ni na kai jikokina da kaina aka ɗiga musu. Amma wanda zai kira mutanen nan jahilai sai ya fara da 1996.

Ɗalibar BUK: Allah ya gafarta Malam, ban san zancen Trovan da wannan zurfin ba. Na janye kalmar, Hajiya ki yafe ni. Amma ina nan a kan bakata cewa mai tura saƙo yana da alhaki. In gishirin ya kashe tsoho, wanda ya tura ba zai ce ƙauna ce ta sa shi ba ya wanke hannu.

Anti Nas: A kan wannan ina bayanki ɗari bisa ɗari. Kuma a Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka baki ɗaya. Sarakuna da limamai da matan da ke yawo da akwatin ƙanƙara a rana su suka yi aikin. Wannan labari ko kwana biyu bai yi a bakin mutane ba.

Ɗan Adaidaita: Kai jama'a, zaure ya yi nauyi, bari in sauke mana. Wa ya tuna shekarun da dabbobi suka shiga cin kuɗin gwamnati? A 2017 aka ce ɓeraye sun lalata ofishin shugaban ƙasa, Buhari ya koma aiki daga gida. A Fabrairun 2018 aka ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurɗi. Ba a rufe wannan ba aka ce birai sun kwashe miliyan 70 a gonar wani sanata. Muna ta yi wa mutanen wasu jihohi dariya, sai ga namu a Yunin 2019: goggon biri ya haɗiye miliyan 6.8, kuɗin shiga da aka tara a gidan zoo da bikin sallah. Ni Zoo Road ce hanyata. Sati guda duk fasinjan da na ɗauka sai ya ce in rage gudu a bakin ƙofa ko zai hango birin da ya fi shi kuɗi. Wata tsohuwa ta ce min, "Ɗan nan, a ba shi kanwa mana, ai za su fito." Daga baya Ganduje ya fito ya ce gidan ma babu goggon biri ko ɗaya.

Hajiya 'Yar Fagge: Zakin fa? Shi kam gaskiya ne!

Ɗan Adaidaita: Gaskiya ne Hajiya, a Oktoban shekarar. Aka ce ya kuɓuce daga kejinsa, mutanen Gandun Albasa da Shagari Quarters da Tukuntawa suka kulle ƙofa tun magariba. Kowa da inda ya gan shi, wani ya ce a Sharaɗa, wani ya rantse ya ji gurnaninsa a Na'ibawa. Mai shayin da nake tsayawa wajensa ya ce ranar ko kofi biyar bai sayar ba. Ashe zaki bai ko bar harabar gidan ba, yana can wajen awaki yana ta shagali har aka mayar da shi.

Baba Mai Atamfa: To ni bari in kawo wanda ya zo ba da wasa ba. An taɓa yi mana canjin kuɗi a 1984, aka sauya launin takardu, aka rufe iyakoki, aka ba mutane ƙasa da mako biyu. Mun sha layi a banki amma ya wuce. Da aka sanar da na Oktoban 2022, wai za a sauya 200 da 500 da 1000 don a karya masu garkuwa da mutane da masu sayen ƙuri'a, na ce wa yarana mun ga irinsa. Ashe ban gani ba. A Fabrairun 2023 ina zaune a shago cike da kaya, mai saye yana tsaye da kuɗi a asusu, ni da shi muna kallon waya tana juyawa. Naira aka riƙa saye da naira a wajen masu POS. Abin da ba zan manta ba, wata dattijuwa mai kawo mana fura daga ƙauye. Ba ta da asusu, ba ta da waya. Ta zo da tsofaffin dubu-dubu a ƙulle a bakin zane, an ce mata sun mutu, tana tambaya ko akwai wanda zai karɓa ko da rabi ne. Na karɓa na ba ta hatsi da ɗan sabon da nake da shi daidai da kuɗinta, tana ta sa albarka tana kuka. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Yau ga su nan a aljihun kowa, tsoho da sabo tare, masu garkuwa kuma ba su daina ba.

Malam Mai Ritaya: Alhaji ka taɓo inda yake min ciwo. Na tsoratarwa ai gara su, in gari ya waye an ga ba komai sai a yi dariya. Na sa rai su ne ba sa wayewa. Lafiya ga kowa kafin 2000, gida ga kowa kafin 2000, Vision 2010 ta zamanin Abacha, sannan taka ta cikin tsire. Na tsaya gaban allo na koya wa yara waɗannan da zuciya ɗaya, na sa sun haddace, na ce musu lokacin da za su girma an gama komai. Kwanaki ɗaya daga cikinsu ya ɗauke ni a babur ɗinsa mai ƙafa uku, da furfura a gemunsa, ya ƙi karɓar kuɗina. Muna tafe ya ce, "Malam, har yanzu ina iya kawo maka manufofin Vision 2010 da ka." Ya kuwa jero su.

Ɗan Adaidaita: Allah sarki Malam. In a layin Gwale ne, ina jin na san shi.

Tsohon Direba: Jikana ya karanta min duka. Ku gaya wa 'yar makarantar nan ta kyauta da ta ba da haƙuri. Kuma Alhaji kada ka yar da takardar tsiren, ka ajiye.

Baba Mai Atamfa: Tana nan Baba, na goge man na sa ta a cikin littafin bashi. Malam, ranar Juma'a in an sauko ka biyo ta shago ka karanta min ɗaya gefen, da Turanci ne mai wuya, kuma rabinsa ya tafi da wanda ya sayi tsire kafin ni.